Kada a narka tsofaffin sulallan azurfa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi kira ga maƙeran azurfa na Maradi. Sulallan Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, masu shekarar 1780 da iyayenmu mata suka adana suna ƙarewa a wuta, ana zobba da su, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Ni ƙananan sulallan Jamus nake tarawa, irin su Kuroiza da Goroshan, waɗanda ɗana yake aiko mini daga Hambug. Wani bai wuce farcen yatsa ba. A zamanin da aka buga su, Jamus ba ƙasa ɗaya ba ce. Sarakuna, manyan limaman coci da birane kowa yana buga nasa da tambarinsa. Dokar 1559 ta tsayar da Kuroiza 60 a babban sule ɗaya mai suna Gulda. Waɗanda na fi so su ne na 1619 zuwa 1623, farkon yaƙin shekara talatin da aka yi a Turai, lokacin da masu mulki suka riƙa cuɗa tagulla a cikin azurfa don su biya sojoji. Farashi ya hau, talaka ya sha wuya. Ja-jan tagullar yana nan a jikin sulen, ana ganinsa da ido. Irin wannan tarihi ne ke salwanta idan aka narka tsohon sule.

Wanda ya gaji tsohon sule, don Allah kada ya huda shi, kada ya goge shi da toka da lemun tsami, don rubutun yana shafewa. Maƙera kuma su neme mu, mu masu tara sulalla, kafin su hura wuta; za mu biya fiye da kuɗin nauyinsa.

Naku,
Mai karatu daga unguwar Zariya, Maradi