Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Marubuta Littattafan Yara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayen ƙungiya, malamanmu, 'yan uwa marubuta da masu zane, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Kamar yadda tsarin mulkinmu ya tanada, ga bayanin abin da aka gudanar, wanda ya yiwu da wanda ya gagara. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda. Ma'aji zai karanta nasa a zauren taro da rasiɗai a hannu, duk mai tambaya sai ya yi ta a gabansa. Kafin komai muna miƙa ta'aziyya ga mambobin da suka yi rashi cikin shekarar nan, Allah ya jiƙan mamatanmu, ya ba mu haƙurin rashinsu.

Gwajin rubutu a gaban yara

Nan ne yawancin ƙarfinmu ya tafi a bana. Za ku tuna a babban taron bara an yanke cewa babu rubutun da zai ɗauki tambarin ƙungiya sai an karanta shi a gaban yaran da aka rubuta dominsu. Ba kowa ne ya ji daɗin hukuncin ba. Akwai dattijon da ya ce ya yi shekaru yana koyarwa kafin a haifi iyayen yaran, yanzu kuma su ne za su yi masa jarrabawa? Duk da haka aka bi, kuma tsarin mai sauƙi ne: wani daban ne ke karantawa, marubuci yana zaune can bayan aji da kwafinsa da fensir, ba shi da izinin yin magana. Aikinsa kawai ya sa alama a inda yara suka nutsu, da inda hayaniya ta fara tashi.

Bari in kawo guda ɗaya, da izinin mai shi. Wata 'yar uwarmu ta rubuta labarin yarinyar da ta saci jiki ta tafi ɗiban ruwa da sabon gugan uwarta, igiya ta kuɓuce mata, guga ya faɗa rijiya. An karanta wa 'yan aji uku a wata firamare da ke bayan gari. Har zuwa faɗawar gugan ba ka jin ko tari. Daga nan sai labarin ya tsaya, aka shiga shafi biyu cur na nasiha kan biyayya ga iyaye. Nan take wani ya ɗaga hannu zai je fitsari, wasu biyu suka kama rigima a kan biro. Da aka kammala, aka tambaye su ko akwai mai tambaya, sai wani yaro ya miƙe ya ce shi dai yana son ya ji ko an ciro gugan. Ashe marubuciyar ta bar shi a rijiya. Ta koma gida ta cire nasihar gaba ɗaya, ta sa yarinyar ta bi gida gida tana aron ƙugiya ba tare da ta bari uwar ta ji ba. Da aka sake karantawa, yaran da kansu suka yi ta gardama kan ko ya kamata ta faɗi gaskiya tun farko. Abin da shafi biyun suka so faɗa ke nan, sai ga shi daga bakinsu.

Wannan shi ne ciwon da ya fi bayyana a rubuce-rubucen da aka gabatar, kuma gara a faɗe shi ba kwana-kwana. Galibinmu ta ƙofa biyu muka shigo: ko daga aji, ko daga rubutun littattafan manya. Malami ba ya iya haƙuri sai ya fito da darasi fili, yana cewa ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Marubucin manya kuwa zai kwashe sakin layi guda yana siffanta falo da labule, alhali yaro so yake wani abu ya faru. Kakanninmu ba haka suka yi mana ba. Ana cewa "Ga ta nan, ga ta nanku", muka amsa "Ta zo mu ji ta", sai Gizo ya fara zambarsa, ba wanda ke tsayawa ya gaya mana cewa zamba ba kyau, mu muke ganin yadda take ƙare masa. Alhaji Abubakar Imam ma, da ya rubuta Magana Jari Ce domin makarantu, ya san haka: aku da labari ya riƙe ɗan sarki, ba da faɗa ba, shi ya sa tun 1937 har yau ake karantawa.

Abu na biyu da gwajin ya nuna shi ne muna rubuta wa "yara" kamar duk abu guda ne. Ɗan shekara shida da ke haɗa baƙi da wasali daban yake da 'yar shekara goma sha ɗaya da ke iya cinye babi a zama ɗaya. Kwamitin tacewa ya zauna ya duba littattafan koyon karatu na shirin Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara, ya ga yadda suke shigo da haruffa a hankali, da gajerun jimloli, da maimaita kalma. Daga nan muka kasa rubutunmu mataki uku. Giɓin da ya fi girma yana tsakiya: yaron da ya gama koyon karatu amma bai kai ga manyan littattafai ba, kusan ba shi da abin da zai ɗauka don nishaɗi da Hausa. Littattafan da ba na labari ba kuwa, irin na dabbobi da taurari da yadda ake rini a marina ko jima a majema, ko ɗaya ba a kawo mana ba. Masu ilmin kimiyya a cikinmu, ga fili nan.

An kuma yi doguwar muhawara a kan tsamin bakin Gizo. Wasu sun ce in aka gyara masa magana an kashe shi, wasu suka ce yaron da ke koyon rubutu zai kwafi karkatacciyar kalma ya ɗauka daidai ce. An tsaya a kan cewa a mataki na farko a rubuta daidai, mai karantawa ya kwaikwayi muryar da bakinsa. Daga mataki na biyu kuma a bar Gizo da bakinsa. Haka karin harshe: bayani da daidaitacciyar Hausa, amma Basakkwace ya yi Sakkwatancinsa a cikin zance. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka aiko rubutu mun bar musu ƴ ɗinsu inda mu ke sa 'y, tunda haka yaransu ke gani a makaranta.

Masu zane

A littafin ƙananan yara, rabin labarin mai zane ne ke ba da shi, amma har yanzu wasunmu na ɗaukarsa kamar ɗan aike. Sai an gama komai a kira shi, a ce ga shafuka, a yi sauri, kuɗi kuma "za mu yi magana". A bana masu zanenmu sun kawo ƙorafi a rubuce, kuma kwamiti ya ga suna da gaskiya. Daga yanzu sunan mai zane zai fito a bango tare da na marubuci, kuma ba za a fara aiki ba sai an rattaba hannu a yarjejeniya: nawa za a biya, yaushe, kuma wa ke da hakkin zanen in za a sake bugawa. Wani lauya daga cikin mambobi ya yi mana bayanin Dokar Hakkin Mallaka ta 2022, ya kuma tsara mana takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa. Tana wurin sakatare, kyauta.

Maganar hotunan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa ita ma ta taso, don wasu sun kawo su suna murna an huta da biyan kuɗi. Mun kai irin waɗannan gaban yara kamar sauran. A wani hoto an ce uwa tana daka a tsakar gida. Yaran suka fashe da dariya: turmin bai fi kofin shayi ba, matar ta riƙe taɓarya da hannu ɗaya tana murmushi, ɗaurin ɗankwalin ba na ko'ina ba ne a ƙasar nan, ga rijiya da rufin jan kwano a kanta. A shafi na gaba fuskar yarinyar ta sauya, har suna tambaya ko wata ce daban. Ba mu haramta ba, amma duk hoton da zai shiga littafi mai tambarinmu sai mai zane ya bi ta kansa, kuma a bayyana yadda aka samar da shi. Ni dai a ganina, mai zanen da ya taɓa zama a zaure ya ga yadda akuya ke leƙo kai, ba a musanya shi.

Ɗab'i

Nan ba sai an tsawaita ba, kowa ya ji a aljihunsa. Takardar da ake buga littafi da ita daga waje ake shigo da kusan dukkanta, masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙata, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin rim, wato ƙunshin takarda, bai dawo inda yake ba. Littafin yara kuma kala yake so, kala kuwa faranti huɗu ne a maɗaba'a maimakon ɗaya. Dabarar da ta taimaka ita ce haɗa littattafai da dama masu girma ɗaya a buga su lokaci guda, da tsara shafuka 16 ko 24 ko 32 don kada a yi asarar takarda wurin naɗewa. Wasu kuma an yi bango mai kala, ciki baƙi da fari, aka bar yaro ya shafa launi da kansa, kuma yaran sun so hakan fiye da yadda muka zata.

Wani bugu ya dawo mana duk ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ sun zama akwatuna, saboda an sauya salon haruffa a kwamfutar maɗaba'a ba a gaya mana ba. An sake shi bayan ja-in-ja. Don Allah kada wanda ya ƙara barin a hau inji bai ga samfurin ƙarshe da idonsa ba. Duk abin da muka fitar a bana yana da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Laburaren Ƙasa, an kuma kai kwafi uku na kowanne kamar yadda doka ta ce.

Kai littafi hannun yaro

Masu shagunan littattafai a Sabon Gari sun karɓi kayanmu, amma sun gaya mana gaskiya: uba ba ya sayen littafin da makaranta ba ta rubuta a jerin sayayya ba. Mun sa rai da manufar da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2022, ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, sai ga shi a watan Nuwamban bana an sanar da janye ta. Kwamiti ya rubuta matsayinsa, za a karanta a taro a ji ra'ayinku kafin a fitar. Amma ko da manufar tana nan, ba ita za ta sa littafi a hannun yaro ba. Inda muka ga motsi na gaske shi ne makarantun Islamiyya da masu zaman kansu da suka saya don kyautar ƙarshen zango, da iyaye mata da ke saye a rabon biki da suna maimakon robobi. Wannan shawarar mata mambobinmu ce, kuma ta fi duk wadda muka kawo.

Mun yi zaman karatu a fili ranar 2 ga Afrilu, Ranar Littattafan Yara ta Duniya, da 27 ga Mayu, Ranar Yara, da kuma Ranar Hausa, 26 ga Agusta. Na Mayu ya fi armashi, don yaran ne suka karanta mu muka saurara. Gasar rubutu ta 'yan makaranta da aka yi alkawari ba ta yiwu ba, wanda ya ce zai ɗauki nauyi ya janye a ƙurarren lokaci. Shirin rediyo ma yana nan a takarda. Kuɗin wata-wata kuwa, ma'aji ya roƙe ni kada in ambaci sunaye, na amsa masa na bana kawai.

A shekara mai zuwa za a ci gaba da gwaji a gaban yara, a ƙara da makarantun ƙauye da na 'yan mata, kuma mai zane zai riƙa zuwa tare da marubuci tun karatun farko. Fifikon ɗab'i na littattafan mataki na biyu ne da waɗanda ba na labari ba. Duk mai rubutu ya miƙa wa kwamitin tacewa kafin azumi ya kama, da mataki da shekarun yaran da yake nufi a rubuce a shafin farko. Wa'adin shugabanni ya cika, za a yi zaɓe bayan rahoton ma'aji, kuma wanda ake bi kuɗin wata ba shi da ƙuri'a.

Wassalamu alaikum.

Sakatare, a madadin Kwamitin Zartarwa