Zuwa ga ɗana Aminu, a Legas

Aminu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Kawunka ya dawo ranar Talata, ya ce ka rame, ba ka fita jam'i, kuma ya ga kwalbar maganin tari a ƙarƙashin katifarka alhali ko tari ba ka yi.

Tun rasuwar mahaifiyarka ka mai da shiru maganin komai. Bashin mutumin nan na kasuwar Alaba, shiru. Rashin uwa ma, shiru. Ai ba ciwo ɗaya ba ne. A kwalejin horar da malamai an karantar da mu abin da wasu masanan halayyar ɗan Adam na Amurka, Lazarus da Folkman, suka rubuta a 1984: damuwar da hannu zai iya gyarawa tunkarar ta ake yi, wadda ta gagari hannu kuwa zuciya ake lallasa. Bashi na gyaruwa. Ka je ka sami mutumin, ku rubuta abin da za ka riƙa biya duk wata. Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Mutuwa kuwa ba ta gyaruwa, shi da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kai sai ka juya su, kana yi wa bashi haƙuri, kana kokawa da ƙaddara.

Amma kwalbar nan ce ta hana ni barci. Kana tsammani a banza gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018? Jiki sabawa yake yi, kwalba ɗaya ta koma uku, ta kai ga danne numfashi mutum yana barci. Ka manta yadda muka kai ɗan maƙwabcinmu makwancinsa? Ashe duk tarbiyyar da na yi maka a nan za ta ƙare? Wallahi ba zan iya binne ku biyu ba.

Na san za ka ce wurina ka gada, tunda ba ka ga hawayena ranar jana'iza ba. Ƙannenka shida fuskata suke kallo. Nawa kukan cikin dare na yi shi, da safe na je na amayar wa Malam abin da ke cikina.

Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Yaba, suna duba masu irin wannan, kuma ba abin kunya ba ne. Ka je, kuɗin mota da na magani suna wuyana. Ka kira ni bayan sallar Juma'a, ko ba ka da abin faɗa. Hauwa tana ta tambaya ko za ka zo Sallah.

Mahaifinka