Wasiƙa zuwa Agadas kan Ingilishin ɗanmu da aikin karɓar baƙi

Bauchi, Nijeriya.

Zuwa ga aminina Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara da dukan mutanen gida. Mu ma nan lafiya muke, sai godiyar Allah, ko da yake hunturun bana ya kwantar da uwargida kwana biyu, amma ta warware. Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, kuma da gangan na ƙi amsa shi ta waya, domin makomar yaro ba magana ce da za a yanke a tsaitsaye ana fargabar ƙarewar kati ba.

Ka ce ɗanmu ya ci jarrabawar Bak ta kammala sakandare, alhamdu lillahi, kuma ya kafe a kan cewa aikin yawon buɗe ido yake so. Ka tambaye ni ko ka tura shi Akara, babban birnin Gana, ya koyi Ingilishi, ko kuwa ka turo mini shi nan. Amma na lura da wata tambaya da ka ɓoye a ƙarƙashin wannan, wato ko sana'ar ma tana da sauran amfani a wannan zamani. Zan fara da ita, tunda ita ce ta fi damunka.

Ni da kai mun ga Agadas lokacin da jirage ke sauke Turawa kai tsaye daga Faransa, motoci na jere ana ɗaure musu jarkokin ruwa za a nufi Timiya da Tenere, maƙera kuwa ba sa wuni da sauran sarƙar azurfa a faifai. Mun kuma ga yadda abin ya durƙushe bayan tawayen 2007 da sace ma'aikatan da aka yi a Arlit a 2010. Ba zan yaudare ka in ce waɗancan kwanaki za su dawo gobe ba, domin mu ma nan rashin tsaro ya rage mana baƙin waje ƙwarai. Sai dai baƙo bai daina zuwa ba, kamarsa ce ta sauya. A yau wanda ke sauka a manyan otal ɗin Yamai, irin waɗanda aka gina saboda taron Tarayyar Afirka na 2019, galibi ɗan kasuwa ne ko injiniya ko mahalarcin taro, daga Sin ko Indiya ko Turkiyya ko Legas, kuma harshen da ya haɗa su duka da ma'aikacin otal shi ne Ingilishi. Haka abin yake a ofisoshin jiragen sama da kamfanonin shirya Umara. Ga shi kuma dokar da hukumominku na Nijar suka fitar a 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Yaron da ya riga ya mallaki Hausa da Tamajek da Faransanci, idan ya ƙara da Ingilishi, ko baƙin Sahara ba su dawo da wuri ba, ba zai rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Abin da nake so ka fahimta sosai shi ne irin Ingilishin da wannan aiki ke bukata, domin a nan ne iyaye da yawa suke asarar kuɗinsu. Shekarun da na yi ina jagorancin baƙi a gandun dajin Yankari, da waɗanda na yi daga baya ina horar da matasa masu shiga aikin otal, sun nuna mini cewa Ingilishin cin jarrabawa daban, na karɓar baƙo daban. Na ga yaran da suka ci darasin da sakamako mai kyau, suna iya rubuta shafi biyu ba kuskure, amma da baƙo ya buɗe baki sai su daskare. Aikinmu na kunne ne kafin ya zama na baki, na baki kafin ya zama na alƙalami.

Bari in ba ka labarin da har yau yake ci mini rai. A wani otal da na taɓa yi wa aiki, wani baƙo ya shaida wa yaron da ke kai abinci cewa jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Yaron bai gane kalmar da baƙon ya yi amfani da ita ba, amma kunya ta hana shi tambaya, sai ya gyaɗa kai ya ce "yes sa", ya tafi ya kawo masa tsire. Kai ka san tsirenmu da ƙuli-ƙuli ake barbaɗe shi. Kafin a jima fuskar mutumin ta kumbura, numfashinsa ya sarƙe, da ƙyar aka kai shi asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Yaron nan mai ladabi ne, kuma ladabin ne ma ya kai shi ga kuskure, domin an tarbiyyantar da mu cewa sa babba ya maimaita magana rashin kunya ne. Tun daga ranar, abu na farko da nake koya wa kowane ɗalibi shi ne yadda zai ce bai ji ba a sake faɗa, da yadda zai maimaita wa baƙo abin da ya nema don a tabbatar, musamman idan maganar ta shafi abinci ko magani ko kuɗi ko lokacin tashin jirgi. Matambayi ba ya ɓata. Ka gaya wa ɗanmu wannan tun yanzu, domin yara masu tarbiyya irinsa su ne suka fi faɗawa wannan rami.

Haka nan a daji. Idan mota ta tsaya kusa da garken giwaye a bakin kogin Gaji, wani baƙo ya miƙe zai sauka don ɗaukar hoto, jagora ba shi da lokacin tsara doguwar jimla. Yana bukatar kalmomi uku ko huɗu da za su fito nan take, da murya mai nutsuwa wadda ba ta tsorata mutum kuma ba ta bar masa zaɓi. A cikin Tenere, inda batun ruwa da rana batun rai ne, nauyin ya ma fi haka. Kuma ya sani cewa mafi yawan Ingilishin da zai ji ba daga bakin mutanen Ingila zai fito ba. Na Ba'indiye daban, na Bajamushe daban, na mutumin Fatakwal daban, kowanne da yadda yake tauna kalmominsa. Saboda haka kada ya ɓata lokaci yana kwaikwayon lafazin mutanen Landan. Ya saba kunnensa da muryoyi iri-iri ta rediyo da bidiyon intanet, shi kuma ya yi magana a fili, sannu a hankali, da muryar da Allah ya ba shi.

Akwai wani abu kuma da nake ganin ya fi duk wannan nauyi, kuma a nan ɗanmu ya riga takwarorinsa nisa. Harshe mazubi ne, baƙo kuwa abin da ke ciki yake biya. Na yi aiki da jagorori masu zaƙin Ingilishi waɗanda idan an tambaye su bambancin gwanki da kanki sai su yi shiru, na kuma yi aiki da wani dattijo, tsohon maharbi, wanda kalmominsa na Ingilishi ba su da yawa, amma baƙi na rububinsa domin yana duban sawu ya faɗi dabbar da ta wuce da lokacin da ta wuce. Wanda ya haɗa biyun shi ne ba a iya maye gurbinsa. Baƙon da ya shiga ruwan ɗumi na Wikki da ke Yankari zai so a gaya masa cewa ɗuminsa yana nan a maki 31 na ma'aunin zafi dare da rana, rani da damina, kuma an keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Wanda ya tsaya gaban babban masallacin Agadas zai so ya ji cewa hasumiyar ta kai mita 27 kuma da ƙasa aka gina ta, a kuma bayyana masa amfanin itatuwan da suka leƙo daga jikinta wajen hawa a yi yaɓe. Zai so ya ji dalilin da ya sa UNESCO ta sanya tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, a kai shi gidan da Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth ya sauka a 1850 yana amsa sunan Abdulkarim, kafin ya wuce Kano. Zai tambayi labarin itaciyar Tenere da mota ta kayar a 1973, wadda yanzu take gidan tarihi na Yamai, da raƙuman dawan da aka zana a duwatsun Dabus, da yadda ayarin gishiri ke kaiwa Bilma ya dawo.

Duk wannan ɗanmu ya tashi a cikinsa. Kakansa na wajen uwa ya bi ayari da ƙafarsa, kamar yadda ka sha ba ni labari. Don haka aikin da nake so ya fara tun kafin ya bar gida shi ne ya sayi littafin rubutu, ya zauna gaban dattawan unguwarku da maƙera da dukawa, ya rubuta abin da suka faɗa da Hausa, domin shi ne zai riƙa juyawa zuwa Ingilishi idan ya zo. Darasin da aka gina kan abin da yaro ya sani kuma yake alfahari da shi ya fi zama a kai bisa wanda aka gina kan tashar jirgin ƙasan wani gari da bai taɓa gani ba. Zai kuma tarar da kalmomin da ba su da takwara, kamar bikin Biyanu ko rawanin tagelmust, sai ya koyi barinsu da sunansu ya yi bayani a taƙaice, wanda shi ne rabin gwanintar jagora.

Ban ce takardar shaida ba ta da amfani ba. Babban otal ko kamfanin jirgi ba zai kira shi ganawa ba sai ya ga takarda. A nan Nijeriya, kwalejojin fasaha irin ta tarayya da ke Bauchi da ta Kaduna suna koyar da harkar otal da yawon buɗe ido: shekara 2 a sami ƙaramar difloma, a yi shekara 1 ana sanin makamar aiki, sannan a koma shekara 2 don babbar difloma. Akwai kuma cibiyar NIHOTOUR ta gwamnatin tarayya da ke ba da horo a wannan fanni. Duka da Ingilishi ake karatun, har lissafin kuɗin ɗaki da tsaftar abinci da rubuta wasiƙar amsa ƙorafin baƙo, don haka shiga aji kafin kunne ya buɗe zaluntar yaro ne. Idan kuma wata rana ya nemi ƙaro ilimi a waje, zai gamu da jarrabawa irin IELTS, wadda ke auna saurare da karatu da rubutu da magana kowanne daban, mafi girman makinta 9. Wannan maganar gaba ce, kada a biya kuɗinta yanzu.

Game da Akara kuwa, ba na kushe ta. Ɗalibai daga ƙasashe masu Faransanci sun daɗe suna zuwa can, kuma Gana ta iya karɓar baƙi, duk wanda ya ga yadda jagorori ke bayani a tsofaffin gidajen bayi na Cape Coast da Elmina zai koyi abu. Amma idan ya sauka wajen 'yan'uwa a unguwar Nima, Hausa zai wuni yana yi, ya dawo maka da takarda da bakin da bai buɗe ba. Gaskiya ta tilasta mini in ce wannan haɗarin yana nan Bauchi ma, inda daga kasuwar Wunti har ofisoshin gwamnati Hausa ce ke aiki. Bambancin kawai shi ne a nan akwai idon da zai bi shi.

Shawarata ita ce ka turo mini shi bayan Salla. Zai zauna a ɗakin ƙanensa, ɗana na biyu. Wata 6 na farko ba zan nema masa gurbi a kowace kwaleji ba. Da safe zai je ajin koyon harshe, da yamma in sa shi a teburin karɓar baƙi na wani otal da tsohon ɗalibina ke shugabanta, ya tsaya bayan ma'aikaci yana saurare, har ranar da za a miƙa masa wayar ya amsa da kansa. Bayan sallar isha'i ni da shi Ingilishi kawai za mu yi na tsawon awa ɗaya, ya ba ni labarin Agadas kamar ni baƙo ne. Idan rani ya yi, dabbobi suka taru bakin kogi, zan kai shi Yankari ya ga yadda ake aikin da idonsa. Kafin nan zan je ofishin rajista na kwaleji in karɓo sharuɗɗan ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje a rubuce in aiko maka. Kai kuma ka sa a gyara masa fasfo, a fassara takardun makarantarsa zuwa Ingilishi a wurin tafintan da hukuma ta amince da shi, a buga musu hatimi. Batun ci da sha kada ka ma tayar da shi, domin na san abin da ka yi mini shekarar da na kwanta ciwo a gidanka.

Ka karanta masa wannan wasiƙa, ko ka ba shi ya karanta, sannan ya rubuto mini da hannunsa abin da shi yake so, da kowane harshe ya ga dama. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce uwargida na godiya da cukun da aka aiko. Ka miƙa gaisuwata ga liman da mutanen majalisarmu ta ƙofar gida. Allah ya raya mana zuriya, ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ni ne amininka na Bauchi.