Kafin ka tafi Husa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, har sau biyu mahaifiyarka ta sa na karanta mata. Da ta ji za ka bi abokin karatunka daga birnin Kunming na ƙasar Sin zuwa garinsu, wai shi Husa, sai ta yi dariya, ta ce ashe can ma muna da 'yan uwa. Na ce mata suna ne kawai ya zo ɗaya, babu dangin iya balle na baba.

Na yarda ka je, amma ka saurare ni.

Mutanen Achang, ƙabilar da za ka tarar a Husa, ba su da yawa. A ƙidayar Sin ta 2010 ba su cika dubu 40 ba, akasarinsu a yankin Dehong, gundumomin Longchuan da Lianghe, dab da iyakar Myanmar. Harshensu ɗan uwan babban harshen Myanmar ne, kuma ba su gaji rubutu nasu ba. Wanda bai rubuta tarihinsa ba a baki yake riƙe da shi, kishinsa kuwa ya fi na mai littafi. Saboda haka idan tsoho ya ɗauko maka labarin Zhepama da Zhemima, wai namijin ya halicci sama, macen ta saƙa ƙasa, kada in ji ka buɗe baki kana yi masa gyara. Na san halinka da gardama. Ka san abin da ka yi imani da shi, kuma ba a kan tabarmar mai masauki ake jayayya ba.

Na Husa addinin Buda suke bi, irin na maƙwabtansu Dai, na Lianghe kuwa sun fi riƙo da bautar kakanni da iskoki. Tunda bikin Aluwoluo za ku tarar, wanda ake yi 20 ga Maris, ka yi kallo, ka gaida manya. Amma in aka zo wajen rusunawa ko miƙa hadaya, ka ja da baya cikin ladabi. Ka gaya wa abokinka haka tun kuna mota, kada ka ba shi kunya gaban iyayensa. Haka ma abinci. Suna da taliyar jar shinkafa da ake zubawa a tafin hannu a ɗora mahaɗi, mahaɗin nan galibi da naman alade ake yinsa. Ka yi guzuri daga shagunan Musulmin Hui kafin ku bar Kunming, ka haɗa da dabinon da muka aiko maka.

Abin da ya sa ban hana ka tafiyar ba, maƙera ne. Wuƙar Husa ta yi suna kusan shekara 600, tun zamanin daular Ming da aka girke sojoji a kwarin Husa, kuma a 2006 gwamnatinsu ta sa sana'ar cikin jerin kayan gadon ƙasa. Kai jikan maƙeri ne ko da ba ka taɓa riƙe masaba ba. Ina yaro ni ke jan zugazugi, kakanka yana riƙe da awartaki, idonsa a kan ƙarfe. Ba ya amsa ko gaisuwa sai jan ya kai inda yake so, sannan ya tsoma a ruwa, ka ji cuu. Ni na guje wa maƙerar, ina jin kunyar baƙin gawayi gaban 'yan boko, ga shi yau ko lauje ba na iya gyarawa. Ka zauna gindin uwar maƙerarsu ko da wuni ɗaya ne. Ka lura da launin da suke jira kafin su tsoma, ka zo ka faɗa mini ko irin na kakanka ne. Ka nemi izini kafin ka ɗaga waya.

Kada kwaɗayi ya sa ka sayi doguwar wuƙa, a tashar jirgin ƙasa za a karɓe ta. Iyaka kuma ko da wasa kada ka tsallaka, ana faɗa a arewacin Myanmar.

Mahaifiyarka ta ce ka tafi da rigar sanyi, kuma ka kira ta da zarar kun sauka. Allah ya kai ku lafiya.

Mahaifinka