Takardar Koke Kan Duka da Kisan Mata da Sunan Kare Mutunci

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu talakawanka ne: iyaye mata, malaman Islamiyya da wasu magidanta. Kukanmu a kan jinin mata ne, wadda ake jibga a ɗakin aurenta da wadda danginta ke halakawa don wai ta jawo wa gida abin kunya. Masu yi suna fakewa da addini, masu sulhu kuma suna taya su binne magana.

Ranka ya daɗe, ga yadda abin ke tafiya. Mace ta zo gaban mai unguwa ido a kumbure, tana jan mayafi tana rufewa. Kafin ta dire magana an ce mata, “Ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne.” A daren za a sa baffanta ya mayar da ita, mijin kuwa ba mai ce masa kanzil. Ta budurwa ta fi muni. “An ce an gan ta da wani,” ko an tsinci saƙo a wayarta, shi ke nan uba ko yaya ya kulle ɗaki ya hau ta da duka. In rai ya yi halinsa, sai a ce gajeriyar rashin lafiya ce, a gaggauta kai ta makwanci.

Ba mu san a wane littafi suka karanto wannan ba. Sa'adu ɗan Ubada, shugaban Khazraj, mutumin da aka sani da zafin kishi, ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko in ya tarar da wani da matarsa sai ya saurara har ya kawo shaidu huɗu. Aka ce masa e. Hilalu ɗan Umayya ya zo yana cewa da idonsa ya gani, aka ce masa ko hujja ko bulala a gadon bayansa, har ayoyin li'ani suka sauka a Suratun Nur, aya ta 6 zuwa ta 9: ya rantse, ta rantse, a raba su, ba a zub da jini ba. A Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, da aka kawo wa Sayyidina Ali batun mutumin Sham da ya yi kisa a kan irin wannan, cewa ya yi in bai kawo shaidu huɗu ba a miƙa shi ga magadan mamaci. Wannan fa miji ne mai da'awar gani da ido. To ina ga wanda duk hujjarsa ƙanzon kurege ce? Shi kansa mai yaɗa ƙazafin bulala 80 ke kansa, a aya ta 4 ta wannan sura. Ko laifi ya tabbata, hukunci na alƙali ne. Shari'a ba ta miƙa wa uba ko yaya wuƙa ba.

Masu duka kullum aya ta 34 ta Suratun Nisa'i ce a bakinsu, su tsallake wa'azi da ƙaurace wa shimfiɗa da ayar ta fara ambata kafin duka, su manta Ibnu Abbas ya fassara dukan da irin na asuwaki. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko bara da hannunsa ba. Da mata suka yi ta zuwa gidansa da ƙarar mazajensu, ya ce waɗannan mazan ba su ne zaɓaɓɓu ba. A mazhabar Malikiyya ma, Mukhtasar Khalil ya ba mace damar a raba aurenta saboda cutarwa bayyananna, ko da ba a shaidi maimaituwarta ba. Matanmu da yawa ba su taɓa jin haka ba, don ba a cika karanta musu wannan babin ba.

Abin da muke roƙo, Allah ya taimaki Sarki, shi ne a ja kunnen dagatai da masu unguwanni: duk maganar da ta kai ga rauni ko rai ta wuce sulhu, a kai ta gaban hukuma da alƙali, ko ɗan wa ya yi. Matar da ta gudo da tabo kada a mayar da ita sai an duba lafiyarta, an zaunar da dattijo daga danginta da dattijo daga dangin mijin kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni, an kuma ji ta bakinta ita kanta. A umarci limamai su yi huɗuba a kan ƙazafi da haramcin jini, su faɗi abin da sunansa. A kuma ba masu wankan gawa tabbacin kariyar fada, domin su ne ke ganin shatin bulala da karaya, tsoro ne ke rufe musu baki.

Wasu daga cikinmu a shirye suke su zo fada su yi bayani baki da baki, in an ba su rana, a kuma sakaya sunayensu.

Allah ya ƙara wa Sarki imani da adalci.

Wassalamu alaikum.
Talakawanka masu biyayya, waɗanda suka sa hannu a ƙasa.