Bulubarin rabbiteye yana jure zafi, amma sai ya sha sanyi tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tunda kuka buga rubutun nan na shuka 'ya'yan itatuwa a tsakar gida aka ce bulubari (wato blueberry, ɗan itace mai ƙananan 'ya'ya shuɗaye) nau'in rabbiteye yana jure zafi, wayata ba ta huta ba, 'yan uwa daga gida kowa sai ya ce in turo masa iri. Ni dai shekara 7 ke nan ina da gindi 4 a bayan gidana a jihar Jojiya ta Amurka, kuma wallahi ina son bishiyar nan, shi yasa bana so wani ya zuba kuɗinsa ya tashi a tutar babu.

Eh yana jure zafi, asalinsa ma nan ne kudu maso gabashin Amurka, su Jojiya da Fulorida da Alabama, sunan rabbiteye kuma, wato idon zomo da Turanci, daga 'ya'yan ne, kafin su nuna sukan yi ja-ja kamar idon zomo. Amma fa zafin nan namu sanyi na biye da shi, bishiyar sai ta zubar da ganye ta yi barci, yawancin irin suna neman awa 400 zuwa 600 a hunturu guda a ƙasa da digiri 7 na ma'aunin Celsius kafin su yi fure na kirki. Hunturun Kano ko Sakkwato duk tsananinsa ba ya tara wannan awannin.

Sai maganar ƙasa, nan ne na sha wuya. Ƙasa mai tsami yake so, awon pH 4.5 zuwa 5.5, ni kuwa shekarar farko na ɗebi toka na zuba masa yadda muka saba a gona, ba a jima ba ganyen duk suka koma ɗorawa har na ɗauka ciwo ne, ashe tokar ce ta kashe tsamin ƙasar. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta leƙo ta katanga ta ce in kwashe tokar nan maza, in shimfiɗa ɓawon itacen fayin (pine) a gindin, taki kuma amoniyam salfet ɗan kaɗan don saiwarsa a sama-sama take, da an cika sai ta ƙone. Ruwa ma in mai kanwa-kanwa ne a hankali zai kashe tsamin ƙasar.

Kuma gindi ɗaya ba ya wadatarwa, sai iri biyu kusa da juna ƙudan zuma su haɗa su. Nawa Brightwell ne da Tifblue wanda aka fitar a garin Tifton na nan Jojiya a 1955. Sai a shekara ta 3 na fara cika kwano, Yuni zuwa Yuli, shi ma sai da na rufa raga saboda tsuntsaye.

Don Allah Malam Edita ku ƙara wa masu karatu wannan bayanin, duk wanda aka kawo wa tallar dashen a Facebook ya fara tambayar mai sayarwa awa nawa na sanyi irin yake buƙata kafin ya tura ko sisi.

Naku,
Mai karatu daga Jojiya, Amurka