Ina Ƙarfafa Wasu, Ni Kuwa Na Gaji

Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar a wani ƙauye kusa da Ringim, a Jihar Jigawa, kuma ni ce shugabar Zumuntar Mata a 'yar majami'armu. A daminar 2022 da Kogin Haɗeja ya tumbatsa, ruwa ya kwanta a gonarmu har shinkafar ta ruɓe, ya kuma kayar da rumbun da surukina ya gina da hannunsa. Har yau shatar ruwan tana nan a bangon ɗakina, daidai ƙuguna. Sau biyu ina shafe ta da farar ƙasa, tana sake fitowa. Ba mu gama biyan bashin taki ba aka cire tallafin man fetur a 2023, komai ya yi tsada, dole maigida ya tafi ci-rani, yana dakon buhuna a kasuwar Dawanau.

Ba talaucin ne ya sa na rubuto ba, domin maƙwabtanmu ma, Kirista da Musulmi, abin da suke sha ke nan. Duk ranar taronmu ni ce nake tsayawa in karanta wa mata Habakkuk 3:17-18, inda annabin ya ce zai yi murna da Ubangiji ko da ɓaure bai yi toho ba, garke kuma ba shanu. Su kan ce, “Mama, ke kam Allah ya ba ki zuciya.” Ba su san cewa idan na koma gida na auna geron da ya rage da kwano, nakan juya wa yara baya in yi kuka ba. Da na taɓa faɗa wa wani dattijo cewa na gaji, sai ya ce yawan kuka ƙarancin bangaskiya ne, alhali na san Ayuba ya la'anta ranar haihuwarsa, Ubangijinmu ma ya zub da hawaye saboda Li'azaru.

Baba, shin fara'ar da nake nuna musu bangaskiya ce ko munafunci? In fito fili in gaya musu halin da nake ciki, ko hakan zai karya wa masu rauni gwiwa? Na ma yi tunanin ajiye shugabancin, sai dai ina tsoron a ce na yi fushi da Allah, ni kuwa ban yi ba.

'Yarka cikin Ubangiji,
Wata uwa daga yankin Ringim